Farin Simintin da Ke Cikin Gonata

Zuwa ga 'yata Auta,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Allah Ya ƙara lafiya, Ya tsare ku a can nesa inda kuke. Mu nan da sauƙi. Gwiwata tana nan yadda kika san ta, ba ta warke ba, ba ta kuma kwantar da ni ba. Yayarki ta sauka lafiya, an samu namiji. Tela maƙwabcina ne ke riƙe da alƙalami, na kuma ja masa kunne kada ya sa wa maganata zuma.

Maganar simintin nan naki ce. Ranar da kika ce jami'arku tana auna yadda ƙasar noma ke bushewa da hotunan da tauraron ɗan'adam ke ɗauka, kuma kina son alama a gonata, ban hana ki ba, ko da yake har gobe ban ga abin da mai leƙe daga sama zai sani game da ƙasar da bai taɓa takawa ba. Abokin aikinki, dogon nan mai tabarau, ya zo da falalen siminti mai faɗin tabarma, ya shafe shi da farin fenti, ya binne wani ƙarfe mai waya a gefensa. Bai tambaye ni inda zai sa ba. Wata 'yar na'ura ya yi ta kallo a tafin hannunsa har ta ce masa tsaya. Inda ta tsayar da shi kuwa tsakiyar haƙƙina ne, nesa da kututturen tsamiyar da kakanki ya yi mana iyaka da shi, ni da baffanki.

Kin san baffanki, tun muna yara idonsa ke kan wannan gefen. Sai ya shiga bin majalisa yana cewa injin sama ya fito da iyakar gaskiya, wai kuma 'yar cikina ce ta nuna da iliminta. Har ya fara sharar kunyoyin da ke tsakanin simintin da kututturen. Ni kuwa na ɗauko amalanke na kwashe abin, na kai shi gindin kututture inda ya kamata a ajiye shi tun farko.

Da Dogo ya dawo ya ga wurin wayam, zama ya yi daɓas a ƙasa. Ya ce, "Baba, aikin shekara ka ɗaga." Wai da wannan farin kuke daidaita kowane hoto da abin da ƙarfen ke ji a cikin ƙasa, kuma idan bai koma mazauninsa kafin damina ba, farfesanku ba zai sa hannu a bincikenki ba, kujerar koyarwar da kike nema wani za a ba. Na ce masa tauraron ya ɗan karkata idonsa mana, ai sama duka tasa ce. Bai yi dariya ba. Uwarki ma ba ta yi ba. Tun da kika kira ta kina kuka ta daina yi mini magana, a bakin ƙofa take dire mini kwano kamar ɗan haya. Ita kika kira, Auta. Mai gonar bai isa a kira shi ba, tunda bai yi boko ba.

To, na mayar. Da hannuna na mayar, Dogo yana nuna mini da na'urarsa, baffanki yana tsaye kan kunya yana murmushin da na fi tsana a duniya. Kada ki ɗauka na yarda ne. Kullum da safe ina ɗaukar kujerata in je in zauna a gefen simintin har rana ta yi sanyi, don kada fartanyarsa ta matso. A kai na so in zauna, Dogo ya roƙe ni kada in rufe farin.

Ga abin da nake so, ba kuma roƙo nake ba. Ki kira baffanki yana cikin majalisa, a buɗe muryar wayar kowa ya ji, ki faɗa da bakinki cewa simintinki ba iyaka ba ne. Ni na faɗa an ce son kai, Dogo ya faɗa an ce baƙo ne. Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Idan ruwa ya sauka ba ki kira ba, baffanki kuma ya jefa ko ƙwayar iri ɗaya a wannan tsakanin, guduma tana bayan ƙofata, kuma ba zan sake neman amalanke ba.

Yayarki da angon ƙarni suna gaishe ki, haka gwaggonki da Tela. Uwarki za ta gaishe ki da kanta, tunda kuna da hanyarku. Ki shafa mini kan jikokina. Idan hoton wannan watan ya zo miki, kika ga wani baƙin ɗigo a jikin farin, kada ki ce datti ne ki goge. Ni ne, ina jiran wayarki.

Wassalam,
Mahaifinki.