Gonata Ba Ta Bogi Ba Ce

Zuwa ga Shugaban Shirin Tallafin Ɗaukar Matasa Masu Digiri Aikin Sanin Makama,

Yallaɓai,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da ma'aikatan ofishinka. Sunana Hajara Musa, tsohuwar malamar firamare a Keffi. Da na yi ritaya na zuba kuɗin sallamata a kiwon kajin ƙwai, a wani fili da ke bayan gari. Godiya ce ta sa na ɗauki biro, amma akwai abin da ya same ni a shirinku wanda ya kamata ka ji shi daga bakina.

A da, da ka nake kiwo. Kaza ta yi sanyi, in sayo magani a kasuwa in zuba a ruwa. Kowace damina sai na kwashe matattu a baro. Da na ji a rediyo cewa gwamnati za ta biya alawus idan mai ƙaramar sana'a ya ɗauki mai digiri na shekara guda, na je aka cike mini fom. Aka turo mini Rifkatu, 'yar Agwada. Kiwon dabbobi ta karanta, ta gama bautar ƙasa, ta koma gida tana taya mahaifiyarta sayar da doya a bakin titi don babu aiki.

A satinta na farko ta hana kowa shiga ɗakin kaji sai ya tsoma takalmi a ruwan magani, har da ni mai gonar. Ta raba 'yan tsaki da manya, ta tsara rigakafi, ta gano cewa dusar da nake saya ta yi fumfuna. Da farko na ji haushi, yarinyar da na yi jika da ita tana ba ni umarni. Amma daminar nan ta wuce ban tura baro ba.

Ana cikin haka saƙo ya shigo wayata: an cire gonata daga shirin, wai mai tantancewa ya zo ya tarar babu ita. Aka tsayar da alawus ɗin Rifkatu, aka kuma sa sunanta cikin waɗanda suka haɗa baki aka yi zamba.

Yallaɓai, babu wanda ya zo. Babu wanda ya kira ni. Daga baya na ji cewa ma'aikacinku a bakin kwalta ya tsaya, ya tambayi 'yan acaɓa sunan da ke kan takardar rajista. Ba wanda ya san wannan sunan, kowa gonar Malama yake cewa. Sai ya ɗauki hoton wani kango ya juya.

Na koyar da 'ya'yan mutane a garin nan har kaina ya yi furfura, ba a taɓa kirana maƙaryaciya ba sai a saƙon waya. Mahaifin Rifkatu, dattijo ne a cocinsu, ya taso daga Agwada ya zauna a tabarmata ya kasa ɗaga kai. Ya ce ba kuɗin ne damuwarsa ba, sunan 'yarsa ne. Sau uku ina shiga mota zuwa ofishinku na jiha, kullum a ce oga ya fita. Ita kuwa yarinyar ba ta fasa zuwa aiki ba ko rana ɗaya, duk da ta fara haɗa kaya za ta tafi Mararraba tsaron shago.

A zuwana na huɗu Allah ya haɗa ni da wata ma'aikaciya, ko sunanta ban tambaya ba. Ta saurare ni har ƙarshe. Ranar Asabar, ranar hutunta, sai ga ta a kan acaɓa. Ta tsoma takalminta a ruwan magani, ta shiga ta ga kaji, ta duba littafin rigakafi. Kafin sati biyu aka maido da mu, aka wanke sunan Rifkatu, aka biya ta abin da aka riƙe. Ranar na zauna a kan buhun abincin kaji na yi kuka, Rifkatu kuma ta kira mahaifinta ta yi masa albishir.

Hankalina ya kwanta, alhamdulillahi. Ga roƙona:

Na farko, kada a yanke wa kowa hukuncin zamba sai an kira shi an ji ta bakinsa. Lambar wayata tana kan fom ɗin. Yawancinmu babu lambar gida ko allo a ƙofa, amma muna nan.

Na biyu, a sake duba sunayen da aka cire. Na ga wani mai injin niƙa daga Panda a layin ofishinku da irin matsalata. Bai dawo ba, ƙila kuɗin mota ya gagare shi.

Na uku, a nemo wannan baiwar Allah a yaba mata a gaban abokan aikinta.

Kada kuma a rufe shirin saboda 'yan damfara. Idan shekarar Rifkatu ta cika, ni zan ci gaba da biyan ta daga cinikin ƙwai, mun riga mun yi magana.

Allah ya yi maka jagora, ya ba ka ma'aikata masu sauka daga kan kwalta.

Wassalam.

Malama Hajara Musa,
Keffi.