A Bar Nasiratu Ta Tafi Indiya

Al Muntazah, Doha
3 ga Disamba, 2022

Zuwa ga Baffa Gado,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fata kuna lafiya, ku da iyali. Allah ya ƙara sauƙin ciwon gwiwar nan. Ni lafiya lau, sai hayaniyar 'yan kallon ƙwallo da ta cika garin.

Baffa, an tabbatar da ni a aiki ranar Talata, a ɗakin gwajin ruwan sha. Mu tara aka jarraba, biyu aka ɗauka. Sai da na karanta takardar sau uku kafin na yarda.

Inna ta ce kun ƙi sa wa ƙanwata Nasiratu hannu a takardar karatun injiniya a Indiya, don kun ji ana danne mata a can. Ba zan ce ƙarya ce ba. A jami'ar da na yi karatu a can Indiya, a da ana kulle masaukin mata ƙarfe shida da rabi na yamma, maza kuwa suna ɗakin gwaji har goma. Da aka buɗe bayan korona, mako goma sha shida ya rage mu gama bincikenmu. Na zauna na lissafa: awa uku da rabi kullum, kwana shida a mako, awa ɗari uku da talatin da shida ke nan aka fi mu. Na kai wa shugabar sashenmu lissafin a takarda, ina tsoron a ce baƙuwa ta cika baki. Ta ce shekara goma tana wannan magana, ba wanda ya taɓa kawo mata a rubuce. Mata ashirin da bakwai na ajinmu suka sa hannu a takardar koken. Cikin kwana goma sha ɗaya aka daidaita lokacin mata da na maza, aka kuma sa mai gadi mace. Da sakamako ya fito, a biyar ɗin farko na ajin, uku mata ne, ni ce na zo ta huɗu a ajin. Gani ya kori ji.

Jami'ar da ta ɗauki Nasiratu ke nan. Na buga musu waya jiya, sun ce sabuwar dokar na nan daram. Ranar 15 ga wata ake rufe karɓar takarda. Don Allah, Baffa, a sa mata hannu.

A gaishe da Inna, da Gwaggo Sakinatu, da Yaya Mutala.

'Yarku,
Firdausi