Ruwan Tekun Inna

Doha, ƙasar Qatar
Disamba, 2022

Zuwa ga Yayata Wasilatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar da ta kamaci ƙani ga yayarsa, ina fatan takardar nan za ta same ki lafiya, ke da maigidanki Malam Dikko da yara baki ɗaya. Yaya jikin Inna? Allah Ya tashi kafaɗunta, Ya sa ciwon nan ya zama kaffara, ke kuma Ya saka miki da alheri a kan jinyar da kike yi ke kaɗai, mu maza muna nesa. Na ji daɗi da kika ce matata Rahmatu tana zuwa tana kama miki aiki, kuma 'yata Ikhlas ta fara karanta wa kakarta Alƙur'ani da yamma. Allah Ya raya mana su. Ni dai jikina kalau, babu abin da ke damuna da za a nuna wa likita.

Na san kin yi ta kirana ba ki samu ba. Wayata tana hannun hukumar bariki, shi ya sa na koma biro da takarda. Baballe, ɗan Kanon nan abokin aikina da na ce miki zai kawo ruwan Inna, shi zai miƙa miki wannan. Babu ruwa a hannunsa, kuma kada ki tsare shi da tambaya, ba shi da laifi. Ki samu wuri ki karanta ke kaɗai, kada ki ba yara su karanta miki a tsakar gida.

Kin san yadda na zo ƙasar nan. Ba wanda ya ɗauko ni, ba ni da ɗan'uwa a ofis, sai ɗan sakandaren da na yi rabi na bari na shiga tashar Malumfashi ina karen mota. Na yi gadi a wani dogon bene a unguwar West Bay, tsaye har ƙafafuna su kumbura, ina buɗe wa mutane ƙofa ba sa ko kallona. Da korona ta zo aka rufe gari, na kwanta da ita a ɗakinmu na unguwar Al Asmakh, na tashi da ƙafata. Na nemi lasin ɗin babbar mota da kaina, na ja bas, har kamfani ya ɗora ni a kan direbobi. A Al Asmakh, Yaya, ni mutum ne. Ɗakina shi ne majalisar Hausawa ranar Juma'a, a tuƙa tuwo a kaɗa kuka, baƙo ya sauka a ce a kai shi wurin Ɗalhatu. Har likitocinmu da injiniyoyi da ke unguwar manya ta Al Mirqab sukan biyo su tuɓe takalma su zauna a tabarmata.

Farkon shekarar nan kamfaninmu ya samu kwangilar jigilar ma'aikata a cikin wani babban barikin sojan ruwa, can bakin teku, nesa da gari. Dama masu tsofaffin gidajen unguwarmu sun fara cewa a tashi saboda baƙin gasar ƙwallon duniya. Aka ce ni zan jagoranci direbobi, na ɗauka ci gaba ne, haka kuma na faɗa muku. Barikin ya fi garinmu girma, amma ba gari ba ne. Babu yara, babu mai talla, babu ko akuya, tituna ba su da suna sai lamba. Ana shigowa aka killace mu saboda korona, ana zura mana tsinke a hanci, fita kuwa sai da izini, izinin ma sai a ce an samu mai cuta an soke shi. Gumi a nan ba ya bushewa, gishiri yana cin ƙarfen mota, shinkafa safe shinkafa dare. Kowa yana rataye da kati a wuya, launinsa ne ke faɗin inda ƙafarka za ta tsaya. Namu rawaya ne. Tsakaninmu da teku akwai jan layi da aka shafa a ƙasa, bayansa jiragen yaƙi ne a ɗaure. Kullum da safe ni ne mai tara direbobi ina ja musu kunne cewa wanda ya taka layin nan ya gama aiki. Ina ganin teku daga tagar ɗakina, ina jin warinsa a rigata, amma tun da na zo ban taɓa sa masa yatsa ba. Wannan ne ban gaya muku ba, don na ga Inna tana jin daɗin faɗa wa maƙwabta ɗanta yana kwana a bakin teku tare da sojoji.

To sai ga saƙonki, cewa malamin da ke yi wa Inna rubutu ya ce a wanke allon da ruwan teku a riƙa shafa mata a ƙafar da ta shanye, kuma lalle ɗanta na cikinta ne zai ɗebo da hannunsa. Kika ce da Inna ta ji haka har dariya ta yi, ta ce ai wannan mai sauƙi ne, Ɗalhatu buta kawai zai miƙa ta taga. Ban ga laifinki ba, ban ga na Inna ba. Ni kaina ban san ko maganin zai yi ba, amma tun da na bar gida Inna ba ta taɓa neman wani abu daga hannuna da bakinta ba sai wannan. A lokacin kuma an fara gasar ƙwallo, an ƙara tsaro, sojojin wasu ƙasashe sun cika barikin, an hana kowa fita gari kwata-kwata. Ga kwantiragin Baballe ya ƙare, tafiyarsa ta matso.

Na yi shawara da Fatawu, wani direba Bahaushen Zangon Kumasi da muke ɗaki ɗaya. Mutum ne mai barkwanci, tun da Ghana ta hana Najeriya zuwa gasar nan ya hana ni sakat, yana cewa mu 'yan kallo ne a ƙasar mutane. Amma ranar bai yi wasa ba. Ya ce in je wurin hafsan da ke kula da ma'aikatan kamfani in faɗa masa gaskiya, mahaifiyata ba lafiya, ina neman ruwa gora ɗaya. Na ce Allah Ya kiyaye, ni Ɗalhatu in tsaya gaban Balarabe da Turancina na tasha ina bayanin allo da rubutu, su bi ni da kallon ɗan ƙauye bayan duk shekarun da na yi ina nuna musu ni ba haka nake ba. Fatawu ya ce Masta, girman kan nan naka ya fi bas ɗin da kake ja nauyi. Na ce ya je ya ji da 'yan wasansu.

Ranar da Ghana ta buga da Koriya, bayan La'asar, kowa ya tattara a ɗakin cin abinci gaban talabijin, har masu gadi suna leƙe. Na ɗauki gorar roba na sa a aljihun riga, na zaga ta bayan garejin motoci inda wayar shinge ta ɗan rabu da bango. Na taka layin, Yaya, ina sane. Na gangara kan duwatsu na tsugunna, na yi bisimilla na cika gorar. Ruwan da ɗumi, ban zaci haka ba. Ina cikin murɗa murfi ina jin ihun 'yan Ghana daga nesa sun ci ƙwallo, sai ga motar sintiri a kaina. Ashe na'urar ɗaukar hoto tana kallona tun daga gareji. Sojojin suka ce in kwanta, na kwanta rub da ciki a kan duwatsu da furfurata, aka ɗaure mini hannu ta baya, ana yalla yalla, wato maza-maza. Aka bi da ni ta gaban ɗakin cin abinci, yarana direbobi suna tsaye a ƙofa.

Ba su doke ni ba, kada ki sa wannan a ranki. Tambaya ce dai ba iyaka. Wa ya aiko ni, me zan yi da ruwan da ke kusa da jiragensu, me ya sa sai ranar da hankalin kowa ke kan ƙwallo, wa zan ba a Najeriya. Suka karɓe waya, suka aika gorar wurin gwaji, suka tsare Baballe ma da tambaya, abin da ya jinkirta tafiyarsa ke nan. Daga baya aka kawo wani soja ɗan Sudan ya yi tafinta, ashe kakarsa Bahaushiya ce. Da na faɗi zancen allo sai ya sunkuyar da kai, ya ce ya sani, a gidansu ma ana yi. Ya yi wa hafsan nan da Fatawu ya ce in je wurinsa bayani mai tsawo da Larabci. Hafsan ya dube ni, babu dariya a fuskarsa, ya ce ya yarda da ni, Allah Ya ba mahaifiyata lafiya. Ya ce da na zo na tambaye shi, da ya haɗa ni da soja ya raka ni na ɗebi ko jarka ce. Amma wanda ya taka layi katinsa ba ya dawowa, ko ɗansa ne, khalas, magana ta ƙare. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Tun ranar nake zaune a ɗaki. Ba ni da kati, ko masallaci sai da ɗan rakiya. Yaran da nake yi wa faɗa kowace safiya su ke kawo mini abinci, su ajiye su fita ba sa haɗa ido da ni. Kujerata an ba wani yaro da ni na koya masa ribas da babbar mota. Na yi ta sa rai kafil ɗina, wato wanda ya tsaya mini a kan biza, zai mayar da ni gari ko da gadi ne, ni da na rantse ba zan sake tsayuwa a ƙofar kowa ba. Jiya manaja ya zo ya ce ba wurin da za su iya kai ni da wannan magana a kaina, ana gama wasan ƙarshe za a sa ni a jirgi. Na roƙa a tsaya da ni a bakin ruwan cikin gari a hanyar filin jirgi, ko da na ɗan lokaci ne. Ya ce daga ƙofar bariki sai ƙofar jirgi. Ruwan da na ɗebo kuwa, da suka gwada ba su ga komai ba, sai suka zubar.

Yaya, ban san ta inda zan fara ba. Shekaruna sun ja, ba zan iya komawa rataye a ƙofar mota ba, kuma ban ga wanda zai sake ɗaukata waje ba. Ginin da na fara bai kai rufi ba, ɗana Umar Faruq yana jiran shiga jami'a da sunan babansa na Qatar. Nakan zauna a bakin taga ina kallon ruwan nan har a kira salla, in rasa abin da nake tunani ma. Ina roƙon ki abu biyu. Kada kowa ya zo tarbata Kano, ba mota ba 'yan rakiya, zan shigo gari da kaina. Sannan kada Inna ta taɓa jin cewa saboda ruwanta ne. Ki ce mata aiki ya ƙare da ƙarewar ƙwallo, kamar na mutane da yawa. Rahmatu kuwa ki bar ni da ita, ni zan faɗa mata da bakina.

Saura magana ɗaya. Da ƙasashe suka fara komawa gida, an sassauta, masu kati suna fita gari ranar Juma'a. Juma'ar da ta wuce Fatawu ya fita, ya dawo da gora cike da ruwan teku, ya tura ta ƙarƙashin gadona. Ya ce hannun Bahaushe ne ya ɗebo, ɗa ne kuma ga wata uwar, in na ga dama in zubar. Baballe ya ce ya taho miki da ita, na hana. Ban zubar ba, ban kuma taɓa ta ba. Ni da ban taɓa yi wa Inna ƙarya a kan ko ƙwayar goro ba, ga shi ina kwana da wannan a ƙarƙashina. In na iso kika ga gora a jakata, ki karɓa ki kai wa malam, kada ki tambaye ni komai, kada kuma ki dube ni a gaban Inna.

Ki gaishe mini da Inna, ki riƙe mata hannu a madadina. Ki gaida Malam Dikko, da Baba Usaini, da Gwaggo Rakiya, da Rahmatu da yara, da ƙanwarmu Ruƙayya in ta zo. Ku sa ni a addu'a, ba tare da kin faɗi dalili ba.

Wassalam. Ni ne ƙaninki,
Ɗalhatu Tanko