'Yan Tsakin Kaka Sun Ƙi Akurki

Zuwa ga matata Kaka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya jikin naki? Ya ƙirjin? Allah ya sa kaffara ne. Na san Gwaggo ce za ta karanta miki, to Gwaggo ban da tsallake.

Kaka, 'yan tsakinki sun yi tawaye. Tun ranar da aka kai ki asibiti babu wanda ya leƙa akurki a cikinsu. Magariba na yi sai su haye mangwaron jikin katanga, su jeru kamar masu jiran mota. Na watsa tsaba, na yi kur-kur har maƙogwarona ya bushe, da ido ɗaya suke kallona. Jiya da safe na tarar da gashin baƙar nan mai tsiwa a gindin katanga. Muzurun kango ne. Kada ki sa a ranki, sauran suna nan.

Angonki,
Ɗan Ƙiriniya

Zuwa ga Kaka,

Sallama da gaisuwa. Gwaggo ta ce kin ture kwanon abinci da kika ji labarin baƙar. Don Allah ki ci, ba na son mata ramammiya.

Na bi su ɗaya bayan ɗaya na kama, na kulle su a akurki 'yan kwanaki, har fitila na kunna musu kamar amare. Ina sakinsu, magariba ta yi, suka koma mangwaro. Muzuru ya ƙara ɗauke jar. Baba ya ce in aka sake rasa ɗaya zai yanka sauran, gara tukunya ta ci da muzuru ya ci. Har ya wasa wuƙa.

Na gano matsalar. Ba tsaba suke bi ba, ke suke bi. Tun da uwarsu ta mutu, tarinki suka sani, da ƙwanƙwasar sandarki, da jan silifas ɗinki har bakin akurki. Kuma kin san wanda ya iya kwaikwayon duk wannan, tunda kin sha bi na da tsintsiya a kai. Sai dai Baba ya rantse, yanzu da kike kwance, in ya ji na kwaikwayi tarin nan sai jikina ya gaya min.

Naki,
Ɗan Ƙiriniya

Zuwa ga Kakata,

Assalamu alaikum. Da fatan kin tashi da sauƙi. Gwaggo, gyara mata matashi kafin ki fara.

Jiya na yi. Da rana ta yi ja, suna ta miƙa wuya za su hau, ga muzurun kwance a kan katanga yana kaɗa wutsiya. Baba yana ɗaki. Na yafa mayafinki, na zura silifas ɗinki, na ɗauki sanda, na ranƙwafa. Na yi tari ɗaya a hankali. Suka tsaya cak. Na ƙara, na ja ƙafa, ina zubar da tsaba kaɗan-kaɗan. Kaka, sai ga su a bayana tiɓi-tiɓi!

Muna tsakiyar tsakar gida na ji ƙofa ta bugu. Baba ne ya fito ba takalmi, yana kiran Inna, Inna, da wata murya da ban taɓa jin ta a bakinsa ba. In na miƙe su watse, muzuru yana kallo. Sai na ci gaba da tari, ina jin Baba tsaye a bayana, har na ƙarshen ya shige na tura murfin.

Na yaye mayafin, na rufe ido ina jiran mari. Marin bai sauka ba. Da na buɗe, yana goge fuska da hannun riga. Ya ce gobe ma in yi, amma in riƙa gaya masa kafin in fara. Wuƙar ta koma kicin.

Ki warke ki dawo, 'ya'yanki suna kwana a ɗakinsu. Sanda da silifas zan mayar miki, amma tarin, ki baro shi a asibiti. Na iya, ni zan riƙa yi miki.

Mijinki mai jiran ki,
Ɗan Ƙiriniya