Kwalin da Na Ƙulle a Bakin Tob

Wad Haddad

Ƙanwata Widad,

Assalamu alaikum. Ya yara, ya aikin unguwarzoma a Damazin? Na rubuto ne don waya kullum tana hannun yara, maganar kuwa ba ta kunnensu ba ce.

Wata bakwai ke nan ina shan ƙwayar hana ɗaukar ciki. Maƙwabciyata Sabah ke raba mini nata, yadda muke raba sukari. Haihuwa tara, wallahi na gaji. To, kwana huɗu ke nan ƙafata ta hagu ta kumbura, ga zafi, ko gonar auduga na kasa zuwa.

Kin san hakim, wato likita, ɗaya ne a garin nan, Izzuddeen, mijin 'yata ta fari. Ya duba ƙafar, ya tambaya ko ina shan wani magani. Na ce a'a. Mutumin da ko ruwa ban taɓa sha a gabansa ba! Ya ba ni man shafawa na dawo. Kunya ta ishe ni. Ki aiko mini wani abu a ɓoye.

Yayarki,
Ruƙayya

*

Damazin

Yaya Ruƙayya,

Wa alaikumus salam. Yara lafiya, ni ce ba lafiya ba tun da na karanta takardarki.

Ba abin da zan aiko. Shekararki arba'in da ɗaya, ga hawan jini, kika sha ƙwayar da aka auna wa yarinya 'yar ashirin? Ina tsoron jini ne ya daskare a jijiyar, kuma in ya tashi zuwa huhu ba ya jira. Ki daina shan ta, kada a murza ƙafar, ki koma wurinsa yau. Ƙaryar da kika yi masa ita ya yi wa magani. Ki gafarce ni, Yaya, na fi son ki ji kunya da in zo zaman makoki.

Widad

*

Makwar, asibiti

Widad,

Sallama da gaisuwa. Bakina bai iya ba. Na ƙulle kwalin ƙwayar a bakin tob ɗin da nake lulluɓi da shi, na kwance a teburin Izzuddeen, na juya ina kallon bango. Ya duba kwalin. Sannan ya ce, shi ma bangon yake kallo: "A gaya wa Iya ta shiga mota yanzu."

Gudan jinin ne, kamar yadda kika ce. Ana yi mini allura, kumburin yana saɓewa.

Izzuddeen ya rako ni nan, amma har yau ba mu haɗa ido ba. Kullum da safe yana ajiye shayi a bakin ƙofa, ya yi gyaran murya ya tafi, sannan in sha.

Ki gaida yara.
Ruƙayya