Rauta a Bayan Kwanukan Hajiya

Yaya Hussaini,

Na leƙo na iske ka koma barci bayan asuba, ni kuma aikin safe gare ni a asibiti.

Na gano abin da ya riƙa yanke maka intanet jiya. Hajiya ce ta ɗauke rautar, na'urar intanet ɗin nan, daga taga, ta sa a kabad bayan jeren kwanukanta na silba, har da lulluɓe ta da ƙyalle. Wai abu mai tsada ba a rataye shi a ƙusa kamar rariya.

Na maida ta tagar falo da ke kallon Ƙofar Sauri. Na gwada kiran bidiyo daga ɗakinka, minti biyar bai yanke ba.

Amma hankalina bai kwanta ba. Ƙarfe goma Hajiya take sharar falo, kai kuma goma da rabi za a kira ka intabiyun aikin ta bidiyo. In ta gan ta a ƙusa, kabad za ta koma, ga shi mutanen nan sun ce ba za su sake ɗaga maka rana ba.

Don Allah kar ka yi mata bayanin sabis, na yi har na gaji. Ka gaishe ta, ka aje mata kujera ƙarƙashin tagar, ka ce ka ba ta amanar abin nan har ka gama. Abin da aka ba Hajiya amana, ko kai ba ka isa ka taɓa shi ba.

Allah ya ba da sa'a.

Sumayya