Littafin Aljihun Malam Kallamu

Trans-Amadi, Fatakwal.
Ranar Talata.

Zuwa ga ɗana Aslam, manajan ƙungiyar ƙwallo ta Matasan Kwata.

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa daga ubanka kuma uban ƙungiya, Alhaji Ya'u Indabawa, shugaban fataken shanu na nan Trans-Amadi. Ina fatan kana lafiya, kai da yayarka Haulatu da maigidanta da yara. Yaya garin Anacha, yaya hayaniyar Kasuwar Relief? Mu nan lafiya lau, sai ruwan sama da ya ƙi ɗagawa.

Bayan haka, yau kwana tara da ka yi fushi ka bar gari, waya kuma ka ƙi ɗauka. Shi ya sa na ba direban motar shanu wannan takarda. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci kwamiti zai zauna. Mataimakina Lawal ya riga ya faɗa a gaban mutane cewa in ba ka zo ba, zai nemi a ba Malam Kallamu kujerarka.

Na san abin da ya ɓata maka rai. Wata uku kacal da naɗa ka, aka ci mu wasa huɗu a jere, sai kwamiti ya ɗauko tsohon nan daga Inugu, wai shekara talatin yana riƙon ƙungiyoyi, wai shawara kawai zai riƙa ba ka. Ka ce mai shawara ba ya zuwa da akwati biyu da katifa. To, ni ma hankalina bai kwanta ba. Ka san kawun matar Lawal ne? Kuma wane irin mai shawara ne wanda har yau bai ba kowa shawara ba? Sau biyu tak ya leƙa fili. Kullum daga sallar asuba sai ya hau okada ya nufi kwata, ya kifa bokiti kusa da wurin fiɗa ya zauna, yana kallon 'yan wasanmu suna aiki, yana rubutu da ajami a wani ɗan littafi. Kana matsowa zai tura shi aljihu ya tambaye ka ya iyali.

Don haka na sa Yero ya sa masa ido. Ka san Yero, yaron nan mai hankali da kyan tsari, wanda ka ajiye a benci ba gaira ba dalili. Duk cikinku shi kaɗai ke karanta ajami kamar shan ruwa, don ku 'yan boko da kun ga baƙi da wasali sai ido ya raina fata. Ranar Lahadi Malam ya tashi alwala, ya bar littafin a kan bokitin. Yero, saboda biyayya gare ni, ya buɗe.

Mun zaci sunayen waɗanda za a kora ne. Ashe sawu yake ƙirgawa. Golanmu Sharfuddeen, sawu goma sha shida da cinyar sa a kafaɗar dama, daga mayanka zuwa mota. A gefe ya rubuta cewa shi ya sa duk ƙwallon da ta bi damansa sai dai ya raka ta da ido. Abubakar Sadiq kuma awa huɗu a tsugune yana fiɗa, sannan a ce ya zo ya yi gudu a gefen fili. A ƙasa ya ce manaja yana sa atisaye ƙarfe goma na safe irin yadda yake gani a waya, alhali yaran nan kafin goma sun riga sun buga wasa guda da shanu. A mayar bayan la'asar, kuma jajibirin wasa a roƙi iyayen gidansu mahauta su sake su da wuri. A saman shafin ya rubuta cewa wannan na Aslam ne shi kaɗai, ba na gaban kwamiti ba. Ya kuma rubuta wani abu a kan Yero, wai bakinsa ya fi ƙafarsa gudu. Wannan ƙazafi ne, za mu bi shi daga baya.

Amma kada ka yi saurin murna. An yage shafi ɗaya a tsakiyar littafin, ga gurbinsa nan, kuma jiya an ga Lawal yana cusa wata takarda a naɗe cikin hularsa. Me ke ciki? Sannan ka duba wannan: mutumin da ya yi kwana da kwanaki yana ɓoye littafi, sai ya manta da shi daidai gefen mutum ɗaya da kowa ya san ba ya ganin abu ya ƙyale? Da ya dawo daga alwala bai ko laluba aljihu ba. Yero kawai ya kalla, ya tambaye shi ko rubutun nasa na karantuwa. Ko dai so yake saƙon ya iso gare ka tun da ka ƙi ɗaukar wayarsa, ko kuma tarko ne, ka dawo a titsiye ka da shafin da ke hular Lawal. Wallahi na kasa rabewa. Abin da na sani shi ne, in ba ka zo ba, ba sai sun wahalar da kansu da tarko ba.

Yaya Aslam, na san tun a tsakiya ka gane ni ne Yero. Alhaji bai san da takardar nan ba, kuma babu wanda ya sa ni buɗe littafin, karambanina ne. Na ari sunansa ne don na san in ka ga nawa a bayan ambulan, Anti Haulatu za ta samu abin kunna risho. Amma zaman Juma'a gaskiya ne, littafin gaskiya ne, hular ma gaskiya ce. Ka shigo motar Alhamis. Ni kaɗai ba zan iya da tsohon nan ba, tun ranar Lahadi duk inda na juya sai in ga yana min murmushi.

Ka gaishe da mutanen gida. Don Allah kada takardar nan ta je hannun Alhaji, a wurinsa nake fiɗa.

Ƙaninka,
Yero.